Yadda Marka Mai Shaida Ta Ɗinka Ƙyallen Alkawari

Ku da kuka sauke kaya a wannan zango, ku da rana ta koro zuwa inuwar tsamiyar nan, ku ara mini kunnuwanku kafin la'asar ta yi sanyi. Na taka ƙasar da gishiri ne turɓayarta, na haye gadar da gashi ne igiyarta, na zauna a dutsen da shiru ne sarkinsa. Kun tambaye ni labarin ƙyallen da ke rataye a wuyana. Zan ba ku, kuma gaskiya zan faɗa, abin da a dā ko an roƙe ni ba na yi.

Sunana Marka, mutuniyar Birnin Tsirgau. Sana'ata a can ita ce shaida. Da safe nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar alƙali, duk wanda ya zo da ƙara ba shi da wanda ya gani, ni na gani. Na san iyakar gonakin da ban taɓa takawa ba. Na halarci ɗaurin auren da aka yi kafin a haife ni. Shekara ashirin ina wannan aiki, har Alƙali Gwadabe in ya hango ni sai ya ce, "Marka, yau kuma me kika gani?"

Tsirgau a gindin wani babban tafki take kwance. Kakanninmu suka tare ruwan da bango mai tsayin giginya goma, suka bar ƙofa ɗaya mai sakatar ƙarfe. Da safe a buɗe ta kaɗan gonaki su sha, in ruwa ya taso a rufe a danna sakata. Mai tsaron ƙofar yayana ne, Nomau. Ciki ɗaya muka fito, amma ba a raba mana hali daidai ba. Shi in ya ce maka gobe, to gobe ce. Dokar birni kuwa ita ce, mai tsaro in ya bar ƙofa ɓarna ta auku, tafki ne zai karɓe shi ranar ruwan farko na shekara. In kuma wani ne ya janye shi da yaudara, hukuncin ya koma kan mayaudarin.

Wata rana a ƙarshen damina na sayi buhun dawa a kasuwar gangare. Na dubi buhun, na dubi hawan da ke gabana, na ji kasala. Na san Nomau ba zai baro ƙofa saboda dawa ba. Sai na tsai da wata mai tallan fura da za ta bi ta bango, na ce ta gaya masa maciji ya sare ni.

Ya iso a guje, ba takalmi. Da na hango fuskarsa na san ba zan iya cewa wasa nake ba, sai na tsinki ƙayar bagaruwa na soka a idon sawuna sau biyu. Ya durƙusa ya tsotse wurin ya tofar, ya yage bakin rigarsa ya ɗaure, ya goya ni. Na ce, "Yaya, buhun fa?" Ya ɗora shi a ka.

Muna tsakiyar hawa muka ji rugugi. Ruwan da aka yi a tuddai ya gangaro, ya tarar da ƙofa ba kowa, ya ɓalle ta, ya share rumbunan irin birni kaf. Ba a rasa rai ba, amma an rasa shukar baɗi.

A gaban alƙali Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, na bar ƙofa. Ko na rufe kafin in tafi, ko ban rufe ba, ban tuna ba." Na miƙe nan take na ce ina bisa bayansa na hango ƙofar a rufe, na ga sakatar ta karye da kanta. Gwadabe ya yi dariya har da share hawaye.

"Marka, ke ko cewa kika yi wuta na da zafi sai na aika an taɓa. Sai dai in kin zo mini da ƙyallen Dutsen Shiru a wuya."

Ba'a ya yi, amma ni na riƙe. Akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin biranen kwari da mutanen wannan dutse: wanda ya ɗauki alkawarinsu ya rataya ƙyallensu, ana karɓar maganarsa ba rantsuwa, kuma ba a ɗora masa hannu.

Na je kurkuku yin sallama. Nomau ya leƙo ta tsakanin itatuwan ƙofa ya ce, "Ƙafar ta warke?"

"Ta warke, Yaya."

"To, shi ke nan. Iri ya tafi, ke kin tsaya. Da za a sake, zan sake gudu. Kada ki sa damuwa a ranki."

Wata bakwai ya rage kafin ruwan farko. Na ɗaura ɗan ƙunshina na kama hanyar zuwa ɗaukar alkawarin barin ƙarya, domin a yarda da ƙaryata.

Kwana goma sha biyu na isa bakin Farar Hamada, inda gishiri ya kwanta iyakar ganin ido, in rana ta take ya dinga ƙara kamar ana soya gyaɗa. Ba a ratsa ta sai a bayan jiminu masu tsayin rumbu, kuma madugun ayarin ba ya ɗaukar baƙo. Na lura matarsa na da tsohon ciki, sai na ce ni ungozoma ce, jikar ungozoma. Aka ba ni jimina ni kaɗai, har da laima. A kwana na ashirin naƙuda ta tashi, aka zo aka kama hannuna. Ni kuwa ko haihuwar akuya ban taɓa tsayawa kallo ba. Na ce a ƙasarmu babbar ungozoma ba ta taɓa mai naƙuda, baya take juyawa ta ba da umarni. Na juya baya ina ta cewa, "Ku yi abin da kuka sani! Ku yi da kyau!" Tsofaffin ayarin suka yi abin da suka sani. Aka sami 'ya mace, aka raɗa mata Marka. Ina fata ta fi mai sunan.

Bayan hamada akwai wani kwazazzabo wanda in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Gadarsa gashin wata dodanniya ce da ke zaune a bakin gaɓa, ta kitse shi ta ɗaure jelar a wata kuka da ke ƙetare. Duk matafiyi tambaya ɗaya take masa: "Ina da kyau?" Wanda ya ce i, ta riƙe shi ya zama mai taje mata kai har mutuwa. Wanda ya ce a'a, ta bari ya kai tsakiya ta girgiza kai. Na iso ina lalube da sanda, na ce, "Uwar ɗakina, gishirin hamada ya cinye mini ido, magani zan je nema a dutse. In na dawo da gani zan dube ki da kyau in gaya miki." Ta ji daɗin a ce za a dube ta da kyau, ta bar ni na wuce.

A ƙarshen wata na biyu na hau Dutsen Shiru. Gajimare a ƙarƙashinsa yake wucewa, itatuwansa ganyensu kamar allura, sanyinsa kuwa har cikin haƙori. Mutanen wurin, maza da mata, duk kai a aske, riguna baƙaƙe. Mabiya wani malami ne na zamanin dā da suke kira Buda, wato wanda ya farka, tafarkinsu kuma suna ce masa Zen. Babban aikinsu zama. Su naɗe ƙafa, su fuskanci bango, su yi shiru tun hantsi bai yi ba. Ni da na ci abinci da bakina shekara ashirin, aka ba ni matashin zama da bango.

Mai ba da alkawarin wata 'yar tsohuwa ce, kanta na sheƙi kamar sabon ƙoƙo. Uwar Allura suke kiranta. Na same ta a rana tana tsince tsummoki.

"Me ya kawo ki, 'yar nan?" ta tambaye ni da harshen fatake.

"Neman haske, Iya."

"To. Ga tsumma."

Ta bayyana mini al'adar. Ba a ba mutum alkawari sai ya ɗinka ƙyallensa da hannunsa. Rakusu suke ce masa. Ɗan abu ne, bai fi tafin hannu huɗu ba, ana haɗa shi da guntayen tsumman da mutane suka yar, a jera su kamar kunyoyin fadamar shinkafa. Zaren na shuni ne. Kowace sukar allura ka ce a ranka, na fake ga Buda. Sharaɗi ɗaya ne: duk ranar da ƙarya ta fita bakinka, ko wata tsohuwar ƙarya ta faɗo maka a rai kana cikin ɗinki, washegari ka warware layin ranar ka sake.

"Wa ke dubawa, Iya?"

"Ba kowa."

Na ce a raina, ashe har yanzu akwai irin waɗannan bayin Allah a duniya. A kwana tara na gama. Cikin kwanakin nan na ce kunun shinkafarsu ya fi na gidanmu daɗi, na ce ban yi gyangyaɗi a wurin zama ba, na ce ubana sarkin ruwa ne. Ban warware ko zare ɗaya ba. Na kai mata ƙyalle sumul, ɗinki a jere kamar haƙoran mataji.

Ta juya shi gaba da baya. "Kai! Shekara hamsin ina wannan aiki ban ga irinsa ba. Wannan na wanda bai taɓa ƙarya ba ne." Ta tashi, na bi ta ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ta nufi bayan madafa, ta rataya shi a wuyan akuyar gidan. "Ita kaɗai muke da ita mai wannan daraja," in ji ta.

Sannan ta juyo mini bayan nata ƙyallen. Ɗigo-ɗigon shuɗi ne ko'ina, kamar jikin zabuwa. Ashe zaren shuni in ya kwana a tsumma aka zare shi, sai ya bar tabo. "Alƙalan kwari ma sun san wannan," ta ce. "Ba gaba suke dubawa ba, baya suke juyawa."

Na karɓi sabon tsumma. Kwana uku na yi ina huda shi da allura ina ɗiga shuni da tsinke. Ta ɗaga shi ta duba a hasken rana, ta ce, "Ramin da zare ya kwana a ciki yakan ja gefe, kamar kunnen da ya saba da 'yan kunne. Waɗannan naki zagayayyu ne. Amma kin yi ƙoƙari, akuya za ta sami na canji."

Na zauna na yi tunani irin na masu sana'a. Tabon gaske ba ya samuwa sai zare ya kwana an warware. To, zan ɗinka, in bari ya kwana, in warware, ba don tuba ba, don jabu ya yi kyau. Sai dai akwai sauran al'ada: duk zaren da aka warware ana kai wa Uwar Allura, a jefa a ƙwaryarta, a faɗi ƙaryar da ta jawo shi. Da farko na riƙa ƙirƙiro ƙananan laifuffuka masu kyan ji. Amma tsohuwar ba ta mantuwa. Bayan kwana biyar sai ta ce, "Maƙwabciyar nan da kika ce kin yaba wa zanenta, ranar kin ce Dela, yau kuma Kande?" Na ga wahala ce in ƙago ƙaryar da ban yi ba alhali ina da rumbu cike da na gaske. Sai na fara ɗebowa daga rumbun.

Na ba ta labarin gonar marayun da na ce na ga ubansu ya sayar. Na ba ta na matar da na ce na ga ta fita da dare. Na ba ta na ungozoma, ta yi dariya har tana tari. Na marayun kam ba ta yi dariya ba, ta dai miƙo ƙwarya. Abin mamaki, da na fara sai suka riƙa zuwa da kansu. Ina zaune gaban bango, ba abin da zan kalla, sai fuskokinsu su jeru. Washegari in warware.

Wata ya mutu, wani ya tsaya. Ina ɗinka layi, ina warware layi. Na lissafa kwanakin da suka rage wa Nomau. Kowace sabuwar ƙarya kwana guda take ci mini. Ranar da mai dafa abinci ta ce, "Yaya kunun yau?" na buɗe baki na rufe, na ce, "Ya yi ruwa." Ta ce, "Na sani." Ba tsoron zunubi ya kama harshena ba, tsoron allura ne. Haka na yi wata uku ina jabun mai gaskiya, har ni kaina na kasa gane inda jabun ya tsaya.

Abu ɗaya ne ban jefa a ƙwarya ba. Kullum yana zuwa, kullum ina ɗinke shi a ciki.

Ranar da na gama, Uwar Allura ta bi bayan ƙyallen da yatsa, layi layi. Ta tsaya a na can sama. "Wannan tun ranar farko yake, bai taɓa motsi ba."

Na dubi layin. Can na ce, "Iya, in mutum ya ɗauki alkawari alhali ya san zai karya fa?"

"To, ai ya san abin da ya karya. Dā can bai sani ba."

"Ba za ku hana shi ba?"

"'Yar nan, kin taɓa ganin an ɗaure dutse da igiya? Abin da ke gudu ake ɗaurewa. Je ki wanke kanki, gobe da safe ne."

Da safe aka buga katako, jama'a suka taru a babban zaure, hayaƙin turare na tashi. Na durƙusa na kai goshi ƙasa sau uku. Aka sa na furta cewa duk ɓarnar da na yi da jiki da baki da zuciya tawa ce, ba ta wani ba. Uwar Allura ta tsoma reshen itace a ruwa ta yayyafa mini a ka. Sannan ta shiga jero alkawura goma sha shida. Fakewa ga Buda, da koyarwarsa, da jama'arsa. Barin mugunta, aikata alheri, amfanar duk mai rai. Sai goma masu nauyi: kada a kashe, kada a ɗauki abin da ba a bayar ba, kada a ci amana ta hanyar sha'awa, da sauransu har zuwa rowa da fushi. Kowanne ta ce, "Za ki kiyaye?" in ce, "Zan kiyaye."

Da ta zo kan na huɗu cikin goman, na barin ƙarya, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ƙura mini ido ba. Da ta yi hakan da ya fi mini sauƙi.

"Za ki kiyaye?"

Na yi rantsuwa ta fi dubu a rayuwata ban taɓa jin komai ba. Wannan ba rantsuwa ba ce ma, kalma biyu ce. Na faɗe su, na ji nauyinsu.

Ta rataya mini ƙyallen, ta ba ni takarda mai jan layi da ya biyo ta sunayen malamai tun daga Buda har zuwa kanta, nawa a can ƙasa. Na ga sunana a gindin na mutanen kirki sama da tamanin, na tausaya musu. A bayan ƙyallen ta rubuta sabon sunan da ta ba ni, wai Kwantaccen Ruwa.

"Ni, Iya?"

"Ba inda kike muke raɗa wa suna ba, inda za ki. Sauka, gabas ta fara canza launi."

A gadar gashi dodanniya na jirana. "Ido ya samu?"

Na yi wa kaina alkawari cewa ƙarya ɗaya tak ta rage mini a duniya, ba zan ɓarnatar da ita a nan ba. Na ce, "Uwar ɗakina, dā ma idona lafiya lau yake."

"Na sani. Makauniya ba ta tsallake kashin shanu. To, ina da kyau?"

"Fuskar dai babu. Amma gashi, daga nan har Tsirgau ban ga mai rabinsa ba."

Ta shafa kitson. "Shekara ɗari uku," ta ce, "ba wanda ya taɓa maganar gashin, alhali a kansa suke tafiya." Ta riƙe kanta cik har na haye.

Na shiga Tsirgau hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Gari duk ya hau bangon tafki. Ga Nomau a ɗaure, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na ratsa taro na tsaya gaban Gwadabe. Ya buɗe baki zai yi ba'ar da ya saba, sai idonsa ya sauka a ƙirjina. Ya miƙo hannu ya juya ƙyallen. Ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Na ga na mutum huɗu a rayuwata," ya ce. "Ban ga wanda ya sha warwara kamar wannan ba." Ya miƙe tsaye, kamar yadda al'ada ta ce. "Faɗi, mai ƙyalle."

Na faɗa. Ban taɓa gina ƙarya mai kyanta ba. Ban yi kuka ba, ban ƙara gishiri ba. Na ce ina bisa bayan yayana na waiwaya, na ga ƙofa a rufe, na ga sakata ta lanƙwashe ta karye biyu. Taro ya yi ajiyar zuciya. Gwadabe ya ce a kwance Nomau. Igiya ta faɗi ƙasa, na ce a raina, shi ke nan, gobe in warware layi ɗaya a huta.

Sai alƙali ya ce, "To, in sakata ce ta ci amana, ina wanda ya ƙera ta?"

Wannan ban lissafa da shi ba. A shekara ashirin na shaida, ban taɓa tsayawa ganin inda magana ke sauka ba, tabarmata nake naɗewa in tafi. Aka fito da Korau maƙeri daga cikin 'yan kallo, tsoho mai tabon wuta a hannuwa, riƙe da gasasshiyar masarar da bai gama ci ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wata guda na yi ina dukan ƙarfen nan. Da na rantse giwa ba ta karya shi." Ya dube ni, ba fushi a idonsa. "Amma mai ƙyalle ta gani. In ta ce ya karye, ya karye." Ya ba na kusa da shi masarar, ya miƙa hannuwansa. Aka ɗauki igiyar Nomau aka fara naɗa masa. Ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo mini a goshi.

Ku lura da wani abu, domin ni sai a lokacin na lura. Tun daga dutse na san ba mai iya jefa ni a tafki da ƙyallen nan a wuyana. Da gaskiya na faɗa tun farko, da Nomau ya kuɓuta, ni ma na tsira. Ashe ba ruwan nake tsoro ba. Mutumin da ke tsaye kusa da ni yana murza wuyan hannunsa yana mini murmushi, shi nake tsoro.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ƙarya na yi."

Gwadabe ya runtse ido kamar mai ciwon kai. "Marka, kin ba ni magana biyu. Wacce zan ɗauka?"

"Wadda ba ni da riba a cikinta."

Na faɗi buhun dawa, na faɗi mai fura, na faɗi ƙayar bagaruwa. Na ce ban ga ƙofa ba, ban ga sakata ba, buhuna nake kallo kada ya zame. Ban dubi ɓangaren da Nomau yake ba.

Aka kwance Korau. Ya karɓi masararsa, ya dube ta, ya kasa ci. Gwadabe ya ce hukuncin mai tsaro ya koma kaina, yarjejeniya kuma ta hana a taɓa ni, don haka in bar Tsirgau kafin ruwan nan ya ɗauke, kada in ƙara shan ruwanta. "Shekara ashirin ina jiran ki faɗi gaskiya a gabana," ya ce. "Da na san haka take, da ban matsa ba."

Mutane suka watse suna gudun ruwa. Muka rage mu biyu a kan bango.

"Babu maciji?" in ji Nomau.

"Babu, Yaya."

"Na tsotsi ƙafarki."

"Ka tsotsa."

"Wata bakwai ina kwance a can, in abin ya dame ni sai in ce, ai na yi sauri, da na makara da ta mutu. Da shi nake samun barci."

Akwai maganganu masu daɗi guda goma a bakina, kowacce za ta iya sanyaya masa rai, ba ta gaske ko ɗaya. Ya jira kaɗan. Sannan ya dubi tafkin da ya fara tasowa ya ce, "Ruwa na zuwa, ƙofa ba kowa." Ya juya ya bi bango.

Na sauka, na kai ƙofar gari, na waiwaya. Ina hango shi can sama, ya dafa sabuwar sakata da hannu biyu. Na ƙwala kira, "Yaya!" Na san ya ji, don kansa ya motsa. Bai baro ƙofar ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yawo daga zango zuwa zango, allurata a gefen zane. Duk kaka nakan sami fataken Tsirgau in ba su saƙo, su gaya masa Marka na gaishe shi, tana nan lafiya. Bai taɓa aiko da amsa ba. Amma sun ce kowace shekara yakan saurara har su gama, sannan ya tambayi mai saƙon ko da idonsa ya gan ni.